Suna Linzami: Magajiya, Kayayo da Matan Makola



Duk wanda ya taɓa shiga Makola da hantsi ya san kiran nan da ke tashi ta kowace kusurwa: "Kayayo!" Kafin mai kira ya rufe baki, sai ga yarinya ta ratso cunkoso da babban kwano a kanta, ta durƙusa a ɗora mata buhun albasa ko dilar atamfa. Kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa tsayawa suka lura cewa rabin wannan kalma namu ne. "Kaya" Hausa ce tsantsa, "yoo" kuwa mace ke nan a harshen Ga, jam'inta "yei", shi ya sa ake cewa kayayei. A ranar nan kuma, in an koma unguwa wajen suna ko biki, za a ji an ce "Magajiya ta iso", mata su miƙe, a gyara mata kujera. Kalmomi biyu ke nan da harshenmu ya bai wa Ghana game da mace: ɗaya tana zaunar da ita a kan kujera, ɗaya tana ɗora mata kaya. Hausawa na cewa suna linzami. A yau muna son mu bi sawun waɗannan sunaye, mu ga wanda ya riƙe linzamin da inda ya ja shi.

Goro ne ya fara kawo kakanninmu wannan ƙasa. Ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato ya daɗe yana zuwa Gwanja, yana sauka a Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, mutanensa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku. Kafin nan, a 1873 zuwa 1874, Turawan Ingila sun kawo sojojin da ake kira Hausawan Glover don yaƙar Tonawa, a 1877 kuma aka dawo da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Accra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Daga Zongo Lane aka fara, sannan Malam Bako ya kafa Sabon Zongo wajajen 1912, Malam Amadu Futa kuma ya zauna a Nima a farkon shekarun 1930.

Mai karatu zai lura cewa duk sunayen nan na maza ne. Amma zango masauki ne, masauki kuwa ba ya tsayawa sai da murhu. Maigidan da ke saukar da fatake da dillalan shanu ya dogara ga uwargida da ke dafa wa baƙi, da 'yan matan da ke fita da talla, da tsohuwar da ke riƙe da adashi. Ba a rubuta sunayensu a takardun gwamna ba, sai dai sun bar shaidarsu a bakin kowane ɗan Ghana. Waakye daga shinkafa da wake ya samo suna. Koko, ƙosai, fura da tuwon zafi duk sun shiga harsunan ƙasar nan ta hannun matan zango. Har gobe, ma'aikacin banki da ke layin waakye "Hajia" ko "Amaliya" yake kiran mai sayarwa, ko da bai san cewa amarya yake faɗi ba.

A 1924 aka gina kasuwar Makola, ta zama cibiyar cinikin birnin, sari da sayarwa. Matan Ga ne suka fi yawa a cikinta, tare da na Akan da Ewe da Yarabawa da namu na zango. Kowane irin kaya yana da ƙungiyarsa da shugabarsa, mai raba rumfa, mai sasanta rigima, mai tara gudummawa in an yi rasuwa. Mutanen Ga suna ce mata manye, Tonawa suna cewa ohemaa, sunayen da ake bai wa iyayen sarauta. Turawan mulki kuwa a bakinsu 'yar kasuwa "mammy" ce, har motar da ke ɗaukarta da kayanta ta ci sunan. Kalma ce mai ɗauke da raini, ga matan da wasunsu ke juya kuɗin da ya fi albashin akawun gwamnati nesa ba kusa ba.

Da aka shiga fafutukar neman 'yanci, waɗannan mata suna cikin manyan masu ɗaukar nauyin jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Rebecca Naa Dedei Aryeetey, wadda aka fi sani da Dedei Ashikishan saboda cinikin fulawa, ta ba da dukiyarta da bakinta, kuma hotonta ne ke kan kwandalar fesuwa 50 da muke kashewa. A 1960 aka yi dokar da ta shigar da mata 10 majalisa, cikinsu har da Susanna Al-Hassan daga arewa, wadda ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a Ghana. A wannan zamani, a ce da mace 'yar Makola yabo ne.

Ba a yi shekara 20 ba sunan ya juye. A zamanin Janar Acheampong, daga 1972 zuwa 1978, tattalin arziki ya durƙushe, sukari da madara da sabulu suka yi wuya. Gwamnati ta ƙayyade farashi, amma takardar izinin sayen kaya a farashin gwamnati tana hannun manyan jami'ai, ana sayar da ita daga hannu zuwa hannu, kowa na cire ribarsa. Kafin gwangwanin madara ya iso teburin 'yar kasuwa, kuɗinsa ya riga ya ninka. A lokacin ne kalmar kalabule ta cika gari, wadda marubuta da dama ke danganta asalinta da Hausa. Talaka bai ga ofishin da aka sa hannu ba. Fuskar da yake gani kullum ita ce ta matar da ke faɗa masa farashi. Sai kalabule ta zama mace, ta kuma zama 'yar Makola.

Bayan juyin mulkin 4 ga Yuni 1979, sojojin majalisar AFRC ƙarƙashin Jerry Rawlings suka shiga kasuwanni. An ƙwace kaya an sayar a farashin gwamnati, an yi wa mata bulala a bainar jama'a, an tuɓe wasu. Ranar 18 ga Agusta 1979 aka rushe Makola ta ɗaya baki ɗaya, wurin ya koma filin ajiye motoci da ake kira Rawlings Park. Kaya ba su yi araha ba, ɓacewa suka yi, kuma bayan fari da yunwar 1983 gwamnatin Rawlings ta biyu da kanta ta fara janye ƙayyade farashin. Sai da aka kafa Hukumar Sasantawa ta Ƙasa a 2002 ne wasu daga cikin matan suka samu damar faɗin abin da aka yi musu a gaban hukuma.

A nan ne tarihinmu ke da abin faɗa wa wata muhawara da ta daɗe tana gudana a Turai da Amurka. Masu fafutukar haƙƙin mata a can sun kama nahawu da laifi. A Ingilishi sun ce amfani da "he" a madadin kowane ɗan Adam yana ɓoye mace, sun kuma nemi a daina kiran shugaban taro da sunan da ke ƙarewa da "man". Har a 2019 ƙamusun Merriam-Webster ya zaɓi "they", wakilin sunan da wasu ke so a kira su da shi ba tare da nuna jinsi ba, a matsayin kalmar shekara. Faransanci ya fi tsauri, domin kowane suna namiji ne ko tamata, kuma ƙa'idar makaranta ta ce in mata ɗari suka haɗu da namiji ɗaya, da lafazin maza za a ambace su duka. Majalisar kula da harshen Faransa, wadda aka kafa a 1635, ba ta karɓi mace a cikinta ba sai a 1980, ba ta kuma amince a mayar da sunayen muƙamai na mata ba sai a Fabrairun 2019, shekara 40 bayan hukumar harshe ta Quebec ta ba da wannan shawara. Abin lura shi ne hanyoyin biyu sun saɓa: masu Ingilishi suna ƙoƙarin shafe jinsi daga kalma, masu Faransanci suna ƙoƙarin fito da shi fili.

To, harshen Ga da na Twi ba su da wannan matsala tun fil azal. Wakilin suna ɗaya ne ke ɗaukar mace da namiji, ba "shi" ba "ita". Duk da haka a cikin garin masu waɗannan harsuna aka kwantar da iyayen mutane aka zane su. A Lome kuwa, inda Faransanci mai fifita namiji yake harshen gwamnati, manyan dillalan atamfa sun kai matsayin da aka raɗa musu Nana Benz saboda motocin Mercedes da suke hawa, kuma abin da ya karya su karyewar darajar sefa ce a 1994 da kwararar atamfa mai araha daga Sin. Wannan ya nuna mana cewa nahawu shi kaɗai ba ya kare mace, ba ya kuma kashe ta. Abin da ke yanka shi ne laƙabin da mai iko ya liƙa mata, da ranar da ya ga dama ya liƙa shi.

Hausa tana da nata darasin. Harshenmu yana bambanta kai da ke, shi da ita, ya zo da ta zo, ɗan kasuwa da 'yar kasuwa, malami da malama, ba tare da jiran izinin wata majalisa ba. A jam'i kuma kowa "su" ne. Magajiya sarauta ce tsohuwa: labarin Daura ya nuna mata ne suka fara mulkin garin da wannan laƙabi, har zuwa Daurama, kuma a masarautu da dama ana naɗa 'yar sarki ko 'yar uwarsa a wannan matsayi. Amma da bariki ta bunƙasa a zamanin Turawa, sai aka riƙa kiran shugabar mata masu zaman kansu da wannan suna, har ya zama a wasu garuruwan Najeriya in ka ce da mace magajiya sai ta tambaye ka abin da kake nufi. Irin wannan zamewa ta sami "mistress" a Ingilishi da "maîtresse" a Faransanci, alhali takwarorinsu na maza suna nan da mutuncinsu. A Ghana ne kalmar ta tsira da darajarta. Daga zangunan Accra har ƙauyukan Dagomba da Mamprusi, inda ake cewa magazia, ita ce shugabar mata, mai magana a gaban sarki da ɗan siyasa. Wannan amana ce da mu 'yan zango muka riƙe wa Hausa, kuma ya kamata mu san haka.

Sai dai akwai abin da ke sulalewa daga hannunmu. Zama cikin masu Ga da Twi da Ewe ya sa Hausarmu ta Ghana ta sassauta jinsi. Muna cewa motan Alhaji a maimakon motar Alhaji, kuma a bakin yaranmu ana jin "Hajia ya zo". Wannan ba abin kunya ba ne, haka harsuna ke yi in sun cuɗanya, kuma ko a Bauchi da Zariya akwai kare-karen Hausa da suka rage bambancin jinsi. Amma kada mu ɗauka ci gaba ne. Yaron da ba ya jin bambancin "ya" da "ta" zai sha wuya wajen karanta waƙoƙin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864 bayan ta kafa tsarin 'yan taru na koyar da mata a ƙauyuka. Kuma in an ce "ya gina gidan nan da kuɗin koko", bayan shekara 50 wa zai tuna cewa kaka ce ta gina?

Mu koma ga kayayo. A da, dako a kasuwannin Accra aikin maza ne, akasari baƙi daga Nijar da Mali, ana ce musu kayakaya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta kwashe da yawansu, kamar yadda ta raba gidaje da dama a zangunanmu. A hankali 'yan mata daga arewacin Ghana suka cike gurbin, suna kwana a barandar shaguna ko a ɗakunan katako na Old Fadama, wasu kuma a cikin unguwanninmu. A 2017 gwamnati ta soke harajin kasuwa da ake karɓa daga hannunsu, a 2024 majalisa ta zartar da dokar daidaita wakilcin mata, a Janairun 2025 kuma Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaban ƙasa. Duk da haka yarinyar da ke ɗauke da kayanmu daga Makola zuwa tashar mota har yanzu ba ta da suna a bakinmu sai sunan abin da ke kanta. Da yawansu Musulmi ne 'yan uwanmu, da Hausa muke ciniki da su, amma ba ma tambayarsu ko sun karya.

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Kafin mu zargi sojan 1979 ko akawun Bature, mu dubi namu bakin. Gobe in mun kira mai kwano, mu tambaye ta sunanta, mu kira ta da shi, mu biya ta ba tare da ja-in-ja ba. A gida mu koya wa yara "ke" da "ta". Wanda kuma kakarsa ko gwaggonsa ta yi ciniki a Makola, ko Nima, ko kasuwar Malam Atta, ya zauna da ita tun tana raye ya rubuta abin da ta sayar, da wadda ta ba ta jari, da inda take ranar da aka rushe kasuwa. Waiwaye adon tafiya ne.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri. Amin.