Iyaka, Dutse da Fako: Waiwaye kan Arzikin Ƙonni, Malbaza da Illela

A kudancin jihar Tawa akwai garuruwa uku masu maƙwabtaka da juna, wato Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, waɗanda mai mota zai iya zagaya su cikin yini guda. Harshensu ɗaya ne, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Duk da haka, wanda ya zauna da mutanensu ya san kowane gari da irin halinsa. Mu mutanen Bazaga, da ƙaramar hukumarmu take cikin gundumar Ƙonni, mun tashi muna jin ana cewa Baƙonne ɗan kasuwa ne, mutumin Malbaza ɗan albashi, Ba'adare kuwa ɗan bida. Wannan maƙala za ta bi sawun maganar cikin tarihi, tana riƙe da tambaya guda: a hannun wa mabuɗin arzikin kowane gari yake?

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya lura cewa Illela biyu ce. Akwai Illelar Adar, ta ƙasar Nijar, wadda ke arewa da Ƙonni, ita ce muke nufi a nan. Akwai kuma Illelar Najeriya, a jihar Sakkwato, wadda ƴan kilomitoci kaɗan ne suka raba ta da Ƙonni.

Ƙonni: garin da iyaka ta riƙa

Ƙonni ta girmi iyaka nesa ba kusa ba. Tsohon birni ne da ya zauna ƙarƙashin inuwar Kabi, sannan Gobir, daga baya kuma Sakkwato. A nan kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, suka sauka bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehun a shekarar 1754. Bayan hijirar Gudu a 1804, Matankari da Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci. A duk tsawon ƙarni na 19 fuskar Ƙonni kudu take kallo, kuma babu wani shinge tsakaninta da Sakkwato.

A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ta afka wa birnin, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta bar shi kango. Abin lura shi ne, a bisa yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, Ƙonni tana cikin rabon Ingila ne, domin an zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransawa suka ga wannan baka ya hana su hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai suka nemi a sake zane. Yarjeniyoyin 1904 da 1906 suka turo iyakar kudu, Ƙonni ta faɗo hannun Faransa. Ta haka garin da ke tsakiyar ƙasarsa ya wayi gari a bakin iyaka, ba tare da an shawarci ko mutum ɗaya daga cikin mazaunansa ba.

Abin da aka yi don raba jama'a shi ya zame wa Ƙonni abinci. Inda duk kuɗi biyu suka haɗu, farashi biyu ke haɗuwa, kuma tsakanin farashi biyu akwai riba. Daga nan ƴan canji suka samo sana'a, masu zama da damin naira da na sefa. Daga nan ƴan ruwa-ruwa suka samo tasu, masu jera kwalaben man fetur a bakin hanya. Haka dillalai da ƴan kabu-kabu da masu masauki. Dabbobi da wake suna gangarawa kudu, kayan masana'antu da takin zamani da hatsi suna haurowa arewa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa garin, ta Tawa da Agadas kuma ta rabu da ita a Tsarnawa.

To amma mai cin abincin iyaka ba shi ke riƙe da ƙofarta ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar wannan zamani suna El-Buhari. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, lissafin ƴan kasuwa ya birkice cikin dare ɗaya. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ƙofar Illelar Najeriya ba sai Disamba na 2020. A 2023 abu biyu suka haɗu: a watan Mayu Najeriya ta janye tallafin man fetur, ribar ƴan ruwa-ruwa ta ragu ƙwarai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli kuma aka garƙame iyakar har zuwa watan Maris na 2024. Ba a yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce a Ƙonni ba, amma a tukunyar Ƙonni aka fara jin su.

Ƙonni tana da wata ƙafa ta biyu, wato fadamar noman rani da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, mai faɗin sama da hekta 2,400. Ruwanta yana zuwa daga madatsun Mozage da Zango da aka gina a kan kwarin Majiya. Ana noma dawa da gero da damina, alkama da albasa da kayan lambu da rani. Da tafiya ta yi tafiya, yashi da laka suka cike madatsun, filin da ake iya shayarwa da rani ya ƙanƙance, sai da aka jira kuɗin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016 kafin a yi babban gyara.

Wannan tarihi ya bar wa Baƙonne hali na musamman: saurin lissafi, sakin fuska ga baƙo, da rashin mamakin sauyin zamani. Kuma a gefen wannan hada-hada, a ƙauyen Masalata, Azna suna riƙe da arwa da buɗin daji, al'adun da suka girmi jihadi da Nasara baki ɗaya.

Malbaza: garin da dutse ya haifa

In an bar Ƙonni aka nufi gabas, kafin a kai Galmi, sai a hango dogayen gine-ginen izin, wato masana'antar siminti. Malbaza ƙauye ce kamar sauran ƙauyuka har zuwa bayan samun mulkin kai a 1960, lokacin da gwamnatin Diori Hamani ta ƙudurta cewa ƙasar da ke son gina makarantu da asibitoci bai kamata ta dogara da simintin da ake yi wa dakon dubban kilomitoci daga bakin teku ba. Dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a yankin shi ya jawo zaɓin wurin, masana'antar kuma ta soma aiki a 1966. Irin wannan dutse ne ya miƙe kudu har Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda Najeriya ta buɗe tata masana'antar a 1967. Dutse bai san iyaka ba, amma simintin da aka yi da shi ya san ta, domin shekara da shekaru buhunan ɓangarorin biyu suna gogayya a kasuwa ɗaya.

Tsohuwar masana'antar ƙarama ce, abin da take fitarwa a shekara bai wuce ƴan dubban gomomin tan ba, bai kuma taɓa isar ƙasar ba. A 1998, zamanin da ake sayar da kamfanonin gwamnati, ta koma hannun ƴan kasuwa. Sabuwar masana'anta mai ƙarfin tan 650,000 a shekara ta maye gurbinta a ƙarshen shekarun 2010. A 2011 aka cire Malbaza daga Ƙonni ta zama gunduma mai zaman kanta, a 2018 kuma aka buɗe mata tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7.

Izin ta kawo wa yankin abin da bai saba da shi ba: agogo da ƙarshen wata. Ma'aikata suka zo daga sassan ƙasa, Zabarmawa da Barebari da Buzaye, suka zauna unguwa ɗaya, ƴaƴansu suka shiga lakwal tare. Manomi yana ƙidayar shekararsa da damina da kaka, ma'aikaci kuwa da ranar biya. Sai dai albashin izin ɗaruruwan gidaje yake ciyarwa, alhali gundumar dubban gidaje ce. Yawan hannun da za a ɗauka aiki yana ga masu jari, farashin buhu kuma gwamnati na iya sa masa baki, kamar yadda ta rage shi a 2024 bayan ambaliyar ruwa. Abin da ke ciyar da mafi yawan talakawan gundumar yana cikin lambunan Galmi da kewaye, inda ake noma albasar nan mai ja-ja da sunan garin ya bi ta har kasuwannin Gana da Kwaddibuwa. Asibitin mishan na Galmi, da aka buɗe a 1950, shi ma yana jawo jama'a daga ɓangarorin iyaka biyu.

Illela: sarauta a kan tsandauri

Illela ba ta kan babbar hanya, ba ta da ƙofar iyaka. Abin da take taƙama da shi tarihi ne, domin nan ne mazaunin Sarkin Adar. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi. Ya yi sarautar Agadas daga baya, da aka tuɓe shi a 1721 sai ya komo Adar ya kafa gidan sarautar da zuriyarsa ke riƙe da ita. Farfesa Djibo Hamani ya warware wannan tarihi cikin littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. Cuɗanyar Hausawa da Buzaye ta ƙarnoni ita ta ba Adarawa karin harshensu da ɗabi'unsu.

Amma sarauta ba ta cika rumbu. Ƙasar Adar tudu ce mai duwatsu, ruwan sama yana sauka ya gudu da ƙasar noma zuwa kwari. Saboda haka bida ta zama gado: da an gama girbi samari su kama hanyar Abijan ko Legas ko Kamaru ko Libiya, gida ya rage wa mata da tsofaffi har faɗuwar ruwa. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara faɗaɗa fako, wato ƙasar da ta ƙeƙashe har ko ciyawa ba ta tsira a kanta.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya cancanci shiga littattafan makarantunmu. A 1989, ta hanyar wani shiri na asusun raya noma na FIDA, wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda Mosawa ke farfaɗo da matacciyar ƙasa da ƴan ramuka. Da suka komo sai suka gyara tsohuwar dabararsu ta tassa. Ana haƙa ramin da rani, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu. Takin yana jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar nutsewa, geron da aka shuka a ramin ya jure ƙwaron rana. Damina ta 1990 ta yi ƙaranci, gonakin tassa suka ba da amfani inda na kusa da su suka ƙone, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Cikin shekara goma dubban hektoci suka komo gona, aka haɗa da rabin-wata da jerin duwatsu. Fakon da a da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa, haƙar tassa ta zama aikin ƙodago ga samari, a ƙauyen Batodi kuma ruwan rijiyoyi ya hauro har aka kafa lambuna. Tassa ba ta kashe bida ba, aikinta kuma mai karya ƙugu ne. Amma babu wani shugaba a Abuja ko Yamai da zai iya rufe ta da sanarwar rediyo.

Kammalawa

In aka jera garuruwan uku, za a ga Ƙonni ta fi yawan kuɗin da ke yawo, amma mabuɗinsa yana manyan biranen ƙasashe biyu. Malbaza ta fi tsayayyen albashi, amma na ƴan ƙalilan ne, mabuɗinsa kuma yana ga masu jari da gwamnati. Illela ta fi su ƙarancin abin hannu, sai dai ɗan abin da ta gina a kan fako yana hannun mai gona. Za a kuma ga babu wanda ya wadatu da kansa: ragon da aka saya a kasuwar Badagishiri ta Ƙonni yake fita, kuɗin da ɗan bida ya aiko simintin Malbaza yake saye, ruwan da ya kuɓuce wa tudun Adar kuwa, shi ne yake gangarawa da yashin da ke cike madatsun kwari. Wanda ya tare ruwa a tudu, manomin fadama ya yi wa aiki ko da ba su san juna ba.

Don haka masu tsara ci gaban yankin, da mu malaman makaranta, bai kamata mu ci gaba da kallon gundumomin nan kamar gonaki uku masu shinge ba. Ɗalibanmu na Bazaga suna hardace kogunan Turai, alhali da yawansu ba su san dalilin da ya sa iyaka ta bi ta bayan gonar kakansu ba, ba su kuma san cewa manoman Illela sun mai da fako gona da hauya da taki ba. Yaron da bai san inda abincin garinsu yake fitowa ba, ranar da aka rufe ƙofa ba abin da zai gani sai hanyar bida. Allah ya sa mu gane, ya ba mu damina mai albarka.