Gyaɗar Hanyar Jibiya da Ƙashin Mazan da Suka Yi Dakonta

Tun kafin a san Jibiya da layin tireloli da shingen kwastan, gyaɗa ce ta raya hanyarta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka kafa ma'auna, manoma suka rungumi gyaɗa saboda da kuɗinta ake biyan haraji, a yi aure, a sayi tufa. Da layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai Jibiya ta zama mararraba. Nijar ba ta da teku, don haka gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Ɗan Isa take biyowa ta shigo Jibiya, daga nan ta nufi Katsina da Kano, ko ta bi Zurmi zuwa Ƙaura. Raƙuma da jakuna ne suka fara ɗaukarta, daga baya manyan motoci suka karɓa.

A Kano, inda Alhassan Ɗantata ya yi suna a wannan fatauci, a wancan zamani dalar gyaɗa ɗaya kan ci buhu dubu 15, kuma kowane buhu a kan ɗan dako ya hau. Ana yawan tuna attajiran, ba a cika tuna wuya da gadon bayan waɗannan maza ba.

Abin da ke riƙe da su kuwa a cikin gida ake yin sa. Matan aure su soya gyaɗa, su sussuke, su niƙa, su yi ta juya ƙullun suna zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya tsatso. Tunkuzar da ta rage a yi ƙuli-ƙuli, mahauta su daka shi su yi yajin tsire da kilishi. Man nan shi ne a kan wake da shinkafa, shi ne a ɗanwake da ƙosai. Cikin giram 100 nasa akwai kimanin miligiram 15 na sinadarin bitamin E, adadin da likitocin Amurka suka ƙayyade wa baligi a yini. Herbert Evans da Katharine Bishop ne suka gano sinadarin a Kalifoniya a 1922, lokacin da gyaɗar ƙasar Hausa ta riga ta cika jiragen ruwan Ingila da Faransa.

Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikin gyaɗa. Sai fari na 1973 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnatin Nijeriya. Dala ta ƙare. Sannu a hankali man jarka na ƙasashen waje ya mamaye kasuwannin kan iyaka, yau kuma ƙwayoyin bitamin E ne jere a kemis, ana tallar su a matsayin maganin ƙarfin jiki.

Binciken masana bai goyi bayan tallar ba kai tsaye. A 2012 masana a Japan sun ba ɓeraye sinadarin da yawa, ƙashinsu ya ragu, domin ƙwayoyin halittar da ke cinye tsohon ƙashi sun ƙara girma. A 2014 kuma wani bincike a Uppsala ta Suwidin ya nuna dattawan da ke da ƙarancin sinadarin sun fi yawan karaya. Dalili ɗaya na wannan saɓani da ake dubawa shi ne, bitamin E iri takwas ne. Ƙwayar kemis galibi iri ɗaya ce, alfa, kuma yawan shanta na rage nau'in gama a jini. Man gyaɗa yana ɗauke da dukansu biyun.

Magidancin Jibiya da ya haura hamsin, gara ya nemi man gyaɗa mai kyau wurin matan unguwarsu, wanda ba a yi da gyaɗar da ta yi funfuna ba. Ƙwayar kemis kuwa, kada ya sha sai likita ya rubuta masa.