Lambar Mota ta Bogi a Nijeriya da Ƙasar Daura

Lambar bogi ita ce duk lambar da aka ɗaura wa mota, babur ko keke napep alhali babu rajistarta a kundin gwamnati, ko kuma akwai rajistar amma ta wani abin hawan ce daban. Sau da yawa ƙarfen yakan yi kyau, fentin ya fita, haruffan su zauna daidai, duk da haka lambar ta zama ta bogi. Abin da ke tabbatar da lamba shi ne bayanin da ke bayanta: sunan mai mota, adireshinsa, ƙirar motar, launinta, lambar inji da lambar casis. Idan wannan bayani bai dace da motar da ke tsaye a gaban jami'i ba, to ƙarfen ado ne kawai. A ƙasar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure, batun yana da alaƙa ta kusa da iyakar Nijar da cinikin motocin Kwatano.

Yadda lambar gaskiya take

Kafin 1992 kowace jiha da nata salon lamba, wadda ke farawa da haruffan jihar: KN na Kano, KD na Kaduna, KT na Katsina bayan an ƙirƙiro jihar a 1987. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1988, ita ta ɗora ƙasar a kan tsari guda a 1992. A wannan tsari kowace ƙaramar hukuma tana da haruffa uku nata. Na Daura DRA ne, na Katsina KTN, na Funtuwa FTA. Saboda haka motar da aka yi wa rajista da haruffan Daura, ko mai ita a unguwar Kusugu yake ko a ƙauye, DRA za a gani a jikinta. A lambar 1992 waɗannan haruffa a ƙarshe suke zuwa. Da aka sake fasali a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, sai aka dawo da su farko, sannan alƙaluma uku, sannan haruffa biyu.

Lambar 2011 ta goran ruwa ce, haruffanta a buge suke har yatsa na jin tudunsu, kuma farin jikinta yana ƙyalli idan hasken fitila ya doke shi da dare. Sunan jiha da takenta suna sama, tutar ƙasa a kusurwar hagu, taswirar Nijeriya a bayan haruffa, sunan tarayya a ƙasa. Launin haruffa shi ke faɗin aikin motar: shuɗi na motar gida, ja na haya, kore na gwamnati. Hukumar FRSC tana buga lambobin a masana'antunta na Legas, Gwagwalada da Awka, ita kuma jihar Legas tana da tata masana'antar. Sayarwa da rajista kuwa aikin jihohi ne, ta hannun ofisoshin haraji. Kuɗin lambar motar gida ya tashi daga naira 12,500 zuwa 18,750 a 2021, ya kai 30,000 a 2025.

Sauyin 2011 bai tafi salin-alin ba. Jama'a sun koka da tsada, majalisa ta shiga maganar, aka yi ta ɗaga wa'adin daina amfani da tsohuwar lamba. A watan Maris na 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce hukumar ba ta da hurumin tilasta wa mutane sauya lambarsu, hukumar ta ɗaukaka ƙara. Har yau ana cin karo da tsohuwar lamba a kan titi, musamman a jikin tsofaffin motocin kasuwannin ƙauye, kuma tsufan lamba kaɗai ba ya mayar da ita ta bogi.

Ire-iren bogi

Mafi sauƙin ganewa ita ce wadda mai fenti ko mai rubutun allo ya zana a bakin titi, a kan roba ko falange. Haruffanta a shafe suke, ba tudu, da dare kuma ba ta ƙyalli. Wani lokaci mai motar ba ɓarawo ba ne. Lambarsa ta gaskiya ce ta faɗi a hanya ko ta koɗe, ya ga komawa ofis wahala, ya sa aka zana masa irinta. Doka ba ta amince da wannan ba, amma laifinsa bai kai na sauran ba.

Wadda ta fi haɗari ita ce lambar gaskiya a jikin motar da ba tata ba. Akan cire lambar motar da ta yi haɗari ta mutu, ko wadda aka sayar wa 'yan gwangwan, a ɗaura wa wata da ta shigo ta bayan fage. Akan kuma kwafi lambar motar da ke raye, har a sami motoci biyu masu ƙira ɗaya da launi ɗaya suna yawo da lamba ɗaya, wannan a Kano, waccan a Abuja. Ranar da aka yi aika-aika da ta bogin, ƙofar mai ta gaskiyar za a ƙwanƙwasa.

Akwai kuma wadda 'yan kamasho ke jawowa. Mutum ya ba wani na bakin ofis kuɗi don ya huta da bin layi, bayan kwana biyu a kawo masa lamba da takardu masu hatimi, ya yi shekaru yana hawa, sai ranar sayar da motar ko sabunta takardu a duba kwamfuta a tarar babu ita ko kaɗan. Irin wannan mutum an cuce shi ne, amma a shinge shi za a tsare.

Lambar dillali ita ce mafi kusa da lambar wucin gadi a tsarin Nijeriya. An tanade ta ne don dillalin mota mai rajista ya ɗauko mota daga tashar jirgin ruwa zuwa wurin sayarwa, ko ya bar mai saye ya gwada ta. A aikace ta zama rigar aro: mutum ya sayi mota, ya ci gaba da hawa da lambar dillali wata da watanni, wani ma ba dillalin ne ya ba shi ba, bugawa ya yi. Kusa da wannan akwai al'adar hawan sabuwar mota ba lamba sam, har da ledar kujeru, don a san sabuwa ce.

Sai lambar isa. Wannan ita ce mai ɗauke da sunan sarauta, ko muƙamin siyasa, ko sunan wata ƙungiya, ko kwaikwayon lambar gwamnati da ta jakadanci. Doka ta yarda mutum ya sayi lamba ta musamman mai sunansa ko laƙabinsa, amma kuɗinta ya ninka na gama-gari fiye da sau goma, kuma dole ta shiga kundi kamar kowace. Da yawan waɗanda ake gani a wuraren naɗin sarauta da ɗaurin aure da taron siyasa ba su bi ta nan ba. Amfaninsu ɗaya ne: jami'in da ke shinge ya gani ya sara, ya ce “Ranka ya daɗe,” ya ɗage katako ba tare da ya nemi takarda ba. Haka rufe lamba da jakar fata, wanda asalinsa ɗabi'ar ayarin manyan jami'an gwamnati ce, ya yaɗu har ga waɗanda ba su riƙe da muƙamin komai.

Iyaka da motocin Kwatano

Daga Daura zuwa Kwangwalam, bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, tafiyar mintuna ce, kuma hanyar ita ke wucewa ta Matamaye zuwa Damagaram. Ta gabas akwai mashigar Babban Mutum a Ɓaure, mai fita Magarya. Tsakanin waɗannan mashigai biyu fili ne da gonaki da hanyoyin yashi waɗanda mazauna wurin suka sani kamar yunwar cikinsu. Shekara da shekaru motocin hannu da aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano sun riƙa haurowa ta Gaya a Nijar, su bi ta Dosso da Birnin Ƙwanni zuwa Maraɗi da Damagaram a matsayin kayan wucewa, daga nan su gangaro Nijeriya.

Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sababbi da na hannu, sai ta tashoshin ruwa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a fara buɗe wasu ba sai Disambar 2020. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Haramcin bai kashe buƙatar mota mai araha ba, ya dai toshe ƙofar biyan kuɗin fito a bakin iyaka. Nan ne tushen yawancin lambobin bogi na wannan yanki. Ofishin rajista yana neman takardar kwastan kafin ya ba mota lamba. Motar da 'yan fito suka tsallako da ita cikin dare ba ta da wannan takarda, don haka ko dai a ƙirƙiro mata ta jabu, ko a ɗaura mata lambar wata motar tun kafin gari ya waye, ta shiga hanyar Kazaure zuwa Kano kamar 'yar gida.

Hukumar kwastan ta gwada bin abin ta baya. A Maris na 2017, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta sanar da cewa za ta fara tare motoci a hanya tana neman shaidar biyan fito, amma Majalisar Dattawa ta taso, aka jingine shirin. A Maris na 2024 ta buɗe wa'adin kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su zo su biya su daidaita takardunsu.

Ganin mota mai lambar Nijar a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ko a cikin garin Daura ba abin zargi ba ne. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne, kuma akwai takardar izinin shiga ta ɗan lokaci da baƙuwar mota ke karɓa. Matsala takan taso ne idan wa'adin ya ƙare motar ta zauna, ta koma hannun ɗan gari, tana yawo da lambar da babu mai iya duba ta a kundin Nijeriya.

Babura sun fi motoci yawa a wannan lissafi nesa ba kusa ba. A ƙauyuka da yawa ana sayen babur a hau shi har ya tsufa ba a taɓa ɗaura masa lamba ba, shaidar mallakarsa rasiɗin shago ne kawai. FRSC ta ƙaddamar da tilasta rajistar babura da keke napep a 2019. A ƙarshen Agustan 2021, cikin matakan da Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ɗauka kan 'yan bindiga, har da hana sayar da baburan hannu a kasuwar Caranci, domin babur marar lamba da aka sace a wani gari ba shi da wuyar sauya hannu.

Masu kame

Hukumomi da dama ne ke da hannu a lamba ɗaya. FRSC ke bugawa da riƙe babban kundi. Jiha ke sayarwa. Jami'an VIO ke duba lafiyar mota. Kwastan ke bin kuɗin fito. 'Yan sanda ke bin sata da jabun takardu, kuma suna da nasu kundin motoci. Sannan ga hukumomin jihohi, KASSAROTA a Katsina, KAROTA a Kano. Rarrabuwar nan ita ce babban raunin aikin, domin bayanin da ke hannun wannan ba lallai ya kai ga wancan ba, mai lambar bogi kuma a wannan tazarar yake rayuwa.

A jadawalin laifuffukan FRSC tarar saɓa ƙa'idar lamba naira 3,000 ce, ta tuƙi da takardun jabu 20,000. Kuɗi ne da bai kai cikin tanki ba, ba zai razana mai motar miliyoyi ba. Abin da ke ciwo shi ne tsare motar, da gurfana gaban kotun tafi-da-gidanka, ko miƙa mutum ga 'yan sanda idan an ga alamar sata.

An sha yin yunƙuri daga sama. A Yulin 2022 Sufeto Janar na 'yan sanda Usman Alkali Baba ya haramta amfani da lambar 'yan sanda ta SPY a duk faɗin ƙasar, saboda ta zama mafakar masu karya doka. A Yulin 2024 magajinsa Kayode Egbetokun ya sa ranar fara tilasta rajista a kundin 'yan sanda na intanet, sannan ya dakatar kafin ranar ta zo, bayan lauyoyi sun ƙalubalanci hurumin rundunar na karɓar kuɗi a kan haka. A farkon 2025 FRSC ta yi samame na musamman, ta ce ta kama motoci fiye da 350 masu lambar da ba ta kan ƙa'ida cikin wata guda. Kotuna kuma suna ja wa hukumomin linzami: a Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta hana jami'an VIO na birnin tarayya kama mota ko cin tara, a Janairun 2025 ta Legas ta hana FRSC hukunta direba don lambarsa ta koɗe.

Jami'in da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kallon ƙarfe. Yakan karɓi takardu, ya sa a buɗe gaban mota, ya goge ƙura da maiƙo daga inda aka buga lambar casis, ya bi haruffa da alƙaluma 17 ɗin ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da na takarda, yana kuma duba ko akwai alamar walda ko goga a kewaye. Wannan yana cin lokaci, kuma a shingen da na goro ke buɗe hanya ba a kaiwa gare shi.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da lambar bogi ba: a Amurka matsalar ta takarda ce. Dillalai kan ba mai sabuwar mota lambar wucin gadi ta takarda, 'yan damfara suka riƙa buga ta suna sayarwa ta intanet, masu gudun kuɗin hanya da kyamarar titi suna saye. Jihar Texas ta yi doka a 2023 wadda ta maye gurbin ta takardar da ta ƙarfe daga 1 ga Yulin 2025, New York kuma ta kafa rundunar haɗin gwiwa a 2024 don farautar irin waɗannan motoci.

Tantancewa

FRSC tana da shafin intanet inda kowa zai iya shigar da lamba ta wayarsa ya ga ko tana cikin kundi, da ƙirar motar da aka ba wa ita. Mai niyyar sayen motar hannu a Daura, Katsina ko Kano ya fara da wannan, ya gwada lambar casis da ta takarda da idonsa, sannan ya kai takardar fito ofishin kwastan a tabbatar masa da ita kafin kuɗi ya bar hannunsa.