Daga Tawadar Malam Zuwa Dokar 2022: Tarihin Haƙƙin Mai Rubutu



Yau ina so mu waiwayi tarihin wani abu da ya shafi matasanmu masu rubutun jinga, wato waɗanda ake biya su rubuta labari, ko su fassara, ko su tsara wasan kwaikwayo. Abin kuwa shi ne satar fasaha da haƙƙin mallaka. Ni ɗan mai goro ne, kuma na tashi na ga kowane huhu yana ɗauke da shaidar mai shi. Wanda ya goge shaida ya sa tasa, sunansa ɓarawo ko da goron bai ragu ba. To, haka rubutu yake.

Wasu na cewa wannan magana ta Turawa ce. Ba haka ba ne. Malamanmu na da sun yarda a kwafi littafi da hannu, domin ta nan ilmi ke yaɗuwa, amma mai kwafi yakan bar sunan mawallafi a farko, ya sa nasa sunan a ƙarshe a matsayin magatakarda, ya roƙi addu'a. Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Ke nan ambaton inda ka samo ilmi tsohuwar al'adarmu ce.

Abin da Turawa suka kawo shi ne ɓangaren kuɗi, saboda injin ɗab'i ya mai da littafi haja. A 1710 Ingila ta yi dokar Sarauniya Anne, wadda ta ba marubuci ikon hana a buga sabon littafinsa na tsawon shekara 14. A 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Berne don kare marubuci a wajen ƙasarsa. Dokar Ingila ta 1911 ita aka shimfiɗo mana a 1912, aka ci gaba da aiki da ita har bayan samun 'yanci.

Ana cikin wannan zamani adabinmu na boko ya tsiro. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutu a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Imam bai ɓoye ba cewa daga Maƙamatul Hariri ya samo dabarar mutum biyu masu yi wa juna wayo. Magana Jari Ce kuma, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da labaran Indiya. To, me ya sa ba a kiran wannan sata? Saboda tsofaffin labarai ne da suka zama na kowa, kuma ya narkar da su ya sake ƙerawa da Hausarsa, da sarakunansa da fadawansa. Aro daban, kwashe jimlolin wani ka liƙa sunanka daban.

Najeriya ta yi dokarta ta farko a 1970, amma hukuncinta ba shi da haƙora. Da kaset ya cika kasuwa, mawaƙa da masu ɗab'i suka matsa lamba, gwamnatin Babangida ta fitar da sabuwar doka a 1988. Ita ta haifar da hukumar kula da haƙƙin mallaka a 1989, kuma a 1993 muka shiga yarjejeniyar Berne. Duk da haka, wanda ya san Legas a shekarun 2000 ya san yadda faifan jabu ya yi ambaliya daga kasuwar Alaba. Da wayar hannu ta zo sai abin ya sauya kama: a kwafi littafin marubuciya daga Wattpad, a cire sunanta, a sayar a WhatsApp. Dokar 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai abu damar rubuta wa kamfanin intanet ya sauke aikinsa da aka sace.

Ga abin da ya kamata ɗan jinga ya riƙe. Da zarar ka rubuta abu ya zama naka, ba sai ka yi rajista ba. Doka na kare yadda ka tsara maganarka, ba ra'ayin kansa ba. Kariyar kan kai shekara 70 bayan rasuwar marubuci, don haka gado ne ga 'ya'yansa. Sayar da haƙƙi gaba ɗaya sai a rubuce, saboda haka kafin ka karɓi kuɗi ka san me ka sayar. Fassara ma na buƙatar izinin mai littafi. In ka ɗauko maganar wani, ka ambaci sunansa, ko da ya daɗe da rasuwa.

Iyayenmu sun zauna a ƙasar Yarabawa da jarin amana. Ana aiko da shanu daga Arewa, maigida ya sayar bashi, kuɗi su koma ga mai su ba tare da takardar lauya ba. Matashin da ya sayar da rubutun sata ya taɓa wannan jari, domin in an kama shi ba za a ce wane ba ne, za a ce Bahaushe ne.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.