Muƙalar Mako: Yadda Ƙidayar Tukwane Ta Tona Asirin Dillalan Kayan Tarihi

Yau za mu leƙa ƙasar Italiya, mu ga yadda wasu masana suka yi amfani da ƙidaya da jera takardu wajen bankaɗo ɗaya daga cikin manyan badaƙalolin kasuwar kayan tarihi ta duniya.

Duk wanda ya san kara ya san aikin dillali. Bayan haɗa ciniki da karɓar la'ada, shi ne ke tsaya wa mai saye cewa saniyar nan ba ta sata ba ce, ya san mai ita, ya san rugar da ta fito. A kasuwar kayan tarihi ta Turai da Amurka ma haka tsarin yake a takarda. Ana son kowane abu ya zo da salsalarsa: inda aka tono shi, wanda ya fara mallakarsa, shekarar da ya bar ƙasarsa, da hannuwan da ya bi kafin ya iso shago. Inda wannan jeri ya yanke, shi za mu riƙa kira giɓi.

Shekaru biyu ne suka sa giɓin ya zama babbar magana. A 1939 Italiya ta ƙarfafa dokarta ta 1909 wadda ta ce duk kayan tarihin da aka samu a ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A 1970 kuma hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana safarar kayan al'adu. Daga nan dillalin da ke riƙe da sabon tono ya shiga matsala, dole ya nemo wa kayansa tsohon labari. Shi ya sa kundayen gidajen gwanjo suka cika da kalmomi irin su “mallakar wani bawan Allah” ko “daga wani tsohon gida a Suwizalan”, ba suna, ba shekara.

Mu ɗauki misali ɗaya. A 1972 gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya sayi wata kwatarniyar ƙasa a kan dala miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya wa irinta ba a lokacin. Wani mai zane ɗan Girka, Euphronios, shi ya ƙawata ta wajen shekara 515 kafin haihuwar Annabi Isa. Dillalin da ya sayar, Robert Hecht, ya ce ya same ta ne daga wani mutumin Labanan mai suna Dikran Sarrafian, wanda mahaifinsa ya samo ta a Landan tun 1920. Tun a 1973 hukumomin Italiya da 'yan jarida suka ce ƙarya ne, daga wani kabari kusa da garin Cerveteri ɓarayi suka tono ta a ƙarshen 1971. To amma magana ce ta wannan ya ce, wancan ya ce. Kwatarniyar ta ci gaba da zamanta a Niyok har sama da shekara 30.

A nan ne matsalar take. Giɓi ɗaya ba hujja ba ne. Takarda na iya ɓacewa, yaƙi na iya tarwatsa gida, magada na iya mantawa. Idan aka tsare dillali a kan tukunya ɗaya, kullum yana da amsa. Sai wasu masana suka ga cewa a daina tambayar tukunya ɗaya, a tara dubbai a ƙirga su gaba ɗaya.

A shekarar 2000, Christopher Chippindale da David Gill suka wallafa nazarin da suka yi wa kundayen wasu fitattun tarin kayan Girka da Rum guda 7. Sun bi abubuwa 1,396 ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta abin da kundin ya faɗa game da asalin kowanne. Kusan kashi 3 cikin 4 ba su da wata salsala a rubuce. Sun kuma lura da wani abu: akwai kayan da a wannan kundi za a ce “an ce daga wuri kaza ya fito”, a kundi na gaba sai a ga wurin ya canza, ko kalmar “an ce” ta ɓace, zato ya rikiɗe ya zama tabbas.

A 2001 Ricardo Elia na Jami'ar Boston ya yi wanda ya fi wannan kaifi. Ya zaɓi tukwanen yankin Apuliya da ke kudu maso gabashin Italiya, saboda dalilai biyu. Na farko, a zamanin da waɗannan tukwane ba su cika yin nisa da yankinsu ba, don haka wadda aka gani a Landan daga ƙasar Italiya ta fito. Na biyu, masana biyu, Trendall da Cambitoglou, sun riga sun shafe shekaru suna rubuta kusan duk wadda aka sani. Elia ya ƙirga tukwane 13,631. Daga cikinsu 9,347 an san su kafin 1980, wato abin da aka tara a sama da shekara 200. Sauran 4,284 kuwa sun ɓullo ne tsakanin 1980 da 1992, shekara 13 kacal. Waɗanda masana tono suka haƙo da hannunsu bisa ƙa'ida ba su kai kashi 6 cikin 100 na jimillar ba.

Mu tsaya mu yi lissafin tare. Idan da gaske daga tsofaffin gidaje waɗannan tukwane ke fitowa, ai yawansu raguwa zai riƙa yi, domin tsohon gida ba ya haihuwar sabuwar tukunya. Amma sai ga shi ƙaruwa yake yi, a daidai lokacin da farashi ke tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Amsar da ta rage ita ce ana ta tonon kaburbura da daddare. Ƙidayar ta nuna girman ɓarnar, sai dai ba ta iya nuna ɗan yatsa ga mutum ɗaya ba.

Wannan ɓangare ya zo ne ta wata hanya. A watan Satumbar 1995 'yan sandan Italiya da na Suwizalan suka buɗe wani ɗakin ajiya a rumbun kwastan na birnin Jeniba, inda ake ajiye kaya ba tare da biyan haraji ba. Ɗakin na wani dillali ne ɗan Italiya, Giacomo Medici. A ciki aka tarar da kayan tarihi kusan 3,800, da takardu kimanin 35,000, da hotuna sama da 4,000, da yawansu na kyamarar Polaroid mai fitar da hoto nan take. Hotunan sun nuna tukwane a farfashe, da ƙasa a jikinsu, wasu a kan jaridun Italiya. Ita kanta kyamarar shaida ce, domin irin wannan hoto mai launi bai wanzu ba a 1920 ko 1939. Tukunyar da aka ɗauka da shi tana ɗauke da ƙasar kabari ba za ta zama gadon kakan kowa ba.

Tarin takarda ba ya magana sai an jera shi. Ma'aikata biyu na gidan tarihin Villa Giulia da ke Rum, Maurizio Pellegrini da Daniela Rizzo, su suka ɗauki shekaru suna wannan aiki. Sukan ɗauki hoto ɗaya su nemi tukunyar a kundayen gwanjo da littattafan gidajen tarihi, suna gwada zane da zane, tsaga da tsaga. Wani lokaci sukan sami hoto uku na abu ɗaya: yana farfashe, an gyara shi, sannan ga shi a cikin gilashi a wani gidan tarihi na Amurka, Medici na tsaye a gefensa.

Da suka haɗa rasitai da lambobin gwanjo, sai wata dabara ta fito fili. Medici yakan tura kaya gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan da sunan wani kamfani, Editions Services, sannan a wasu lokuta ya koma ya saye kayan nasa da kansa. Asarar da zai yi ita ce la'ada kawai. Ribar kuwa, tukunyar da jiya ba ta da asali yau tana da takardar da ke cewa an saye ta a Sotheby's a shekara kaza, kuma an kafa mata farashi a bainar jama'a. Wanda ya duba rasit ɗaya ba zai ga komai ba. Sai an jera ɗaruruwa, mai kawowa a wannan layi, mai saye a wancan, kafin a gane hannu ɗaya ne.

A 2001 aka binciki gidan Hecht a Faris, aka sami rubutun tarihin rayuwarsa da hannunsa, inda a ciki ya ambaci cewa daga wajen Medici ya sayi kwatarniyar Euphronios. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Disambar 2004 kotu a Rum ta yanke wa Medici ɗaurin shekara 10 da tarar yuro miliyan 10, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ɗaurin shekara 8. A 2006 Metropolitan ya amince zai mayar da kwatarniyar, ta koma Italiya a Janairun 2008. Gidan tarihi na Boston ya mayar da abubuwa 13 a 2006, na Getty ya amince da mayar da 40 a 2007. Shari'ar Hecht kuwa ta mutu a 2012 saboda cikar wa'adin doka, shi ma ya rasu a shekarar.

Aikin bai tsaya nan ba. Wani masani ɗan Girka, Christos Tsirogiannis, ya ci gaba da gwada hotunan da abin da ke fitowa a kasuwa. A 2014 ya wallafa cewa wata kwatarniya da Metropolitan ya saya a gwanjon Sotheby's a 1989 kan dala 90,000 tana cikin hotunan Medici. A 2017 masu gabatar da ƙara na Niyok suka karɓe ta.

Duk da haka akwai abin da ba ya dawowa. Ɓarawon kabari yakan ɗauki abin da zai yi kuɗi ya tattake sauran. Wane ne aka binne, me aka ajiye kusa da me, wace shekara ce, duk wannan ilimi ya tafi. Tukunya na iya komawa gida, amma labarinta ya riga ya lalace tun daren da aka tono ta.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, kuma mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato suna ciki. A wannan shekarar ce aka baje guda 3, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, bayan gwamnatin Faransa ta saye su daga wani dillali a Beljiyam, alhali doka mai lamba 77 ta 1979 ta haramta fitar da irinsu daga Nijeriya ba tare da izini ba. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince na Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. A Nuwambar 2022 kuma aka buɗe shafin Digital Benin a intanet, wanda ya tattara bayanan abubuwa 5,246 na masarautar Benin da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20.

Abin da Elia da su Pellegrini suka yi bai fi ƙarfin mai kwamfuta da haƙuri ba. Jadawali ne mai layuka biyar: sunan abu, shekarar da aka fara ganinsa a rubuce, sunan mai shi na farko, dillalin da ya sayar, da inda aka ce an tono shi. Duk inda babu amsa a bar gurbin fayau, kada a cike shi da zato. Bayan an shigar da ɗari biyar ko dubu, sai a duba a ga sunan wane dillali ne ya fi yawan zama kusa da gurbin da ba kowa, kuma a waɗanne shekaru. Kundayen manyan gidajen gwanjo da na gidajen tarihi da dama yanzu suna intanet kyauta, har da shafukan da ke ɗauke da kayan Nok.

Mu haɗu a mako mai zuwa.