Daga Kufai Zuwa Kwamfuta: Tarihin Sake Gina Majami'ar Cluny a Hoto

1.0 Gabatarwa

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 gidajen adana kayan tarihi suka fara amfani da wata fasaha da za a iya kira fasahar shiga cikin hoto, wato a zana gini da kwamfuta ta yadda mai kallo, ko da tabarau na musamman ko ta fuskar allo, zai ji kamar yana tsaye a cikinsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi amfani da fasahar wajen bayyana majami'ar Cluny ta ƙasar Faransa, domin tana cikin gine-ginen farko da aka yi wa wannan aiki, kuma matsalar da ke tattare da shi ta fito fili a tarihinta.

2.0 Ginin da Rushewarsa

An kafa gidan ruhubanawa na Cluny a yankin Burgundy a shekarar 910. Da ƙarfinsa ya bunƙasa, sai shugabansa Hugh ya aza harsashin majami'a ta uku a 1088, Fafaroma Innocent na II kuma ya keɓe ta a 1130. Tsawonta ya kai mita 187, tsayin rufinta daga ciki kuwa kimanin mita 30, kuma ba a sami majami'ar da ta fi ta girma a Turai ta yamma ba sai da aka sake gina ta Saint Peter a birnin Rum.

Bayan juyin juya halin Faransa aka kori ruhubanawan, aka sayar da ginin a 1798, waɗanda suka saya kuma suka mayar da shi mahaƙar duwatsu. A 1810 aka fasa babbar ƙofarsa mai sassaƙe-sassaƙe da albarushi. Kafin rushewar ta tsaya a farkon shekarun 1820, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba: reshe guda na kudu da hasumiyarsa, da wasu kawunan ginshiƙai. A kan filin kuwa aka gina gidaje da bargar dawakin gwamnati, aka kuma fitar da hanya.

3.0 Conant da Zanensa

Wanda ya dawo da siffar majami'ar a idon masana shi ne Kenneth John Conant, malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya yi tono a wurin daga 1928 zuwa 1950, ya kuma buga sakamakon aikinsa a 1968. Da yake gidajen mutane sun danne yawancin filin, bai sami damar buɗe shi baki ɗaya ba. Sai ya riƙa haƙa ƙananan ramuka a inda aka ba shi izini, yana auna tushen bango, sannan ya haɗa abin da ya gani da tsofaffin zane-zanen da aka yi kafin rushewa. Inda hujja ta ƙare, sai ya cike giɓin da iliminsa na tsara gine-gine da kuma imanin da ya yi cewa maginan sun bi wani lissafi na daidaito. Zane-zanensa sun yi kyau ƙwarai, kyawun da ya sa aka daɗe ana kwafarsu a littattafan koyarwa ba tare da an tsaya tambayar wane bango aka tono, wane kuma aka ƙaddara ba.

4.0 Shigowar Kwamfuta

A farkon shekarun 1990 ɗaliban makarantar injiniya ta Arts et Métiers, wadda ke zaune a cikin tsofaffin gine-ginen ruhubanawan, suka haɗa gwiwa da kamfanin IBM suka shigar da awon Conant cikin kwamfuta. A 1993, wajen taron Imagina a Monako, aka nuna mutum biyu, ɗaya a Faris ɗaya a Monako, sun haɗu a cikin majami'ar ta hoto suna zagayawa tare ta hanyar layin waya. Abin ya burge jama'a. Sai dai abin da suka zagaya a ciki majami'ar Conant ce, da hujjojinta da ƙiyasce-ƙiyascenta duka.

A nan ne matsalar take, kuma masu nazarin harshe za su fi kowa saurin gane ta. Marubucin tarihi yana da kalmomin da yake auna maganarsa da su. Bahaushe in ya ce "wai" ya zare hannunsa daga labari, in ya ce "wataƙila" ya bar ƙofa a buɗe, in kuma ya ce "lalle" ya ɗauki nauyi. Hoton kwamfuta ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun farko. Tagar da aka auna da tagar da aka ƙaddara haske ɗaya ke shigowa ta cikinsu, kuma gwargwadon yadda hoton ya ƙara kama da gaskiya, gwargwadon yadda mai kallo ke daina tambaya. Zanen takarda aƙalla yakan bar ɗigo-ɗigo a inda mai zane bai tabbata ba. Wanda aka sa wa tabarau aka ce ya ɗaga kai ya dubi rufi, ba ya ganin ɗigo.

Masana sun farga da haka. Yarjejeniyar Landan, wadda aka fara tsarawa a 2006, ta nemi duk mai sake gina abin tarihi da kwamfuta ya rubuta madogararsa da dalilin kowane zaɓi da ya yi, ya kuma bambanta tabbas da zato ga mai kallo. Ƙa'idojin Seville, waɗanda ƙungiyar ICOMOS ta amince da su a 2017, sun nanata hakan ga ayyukan tonon kayan tarihi.

A Cluny ma an sake lale. Aikin da aka kira Gunzo, da sunan ruhubanin da aka ce ya ga tsarin majami'ar a mafarki, ya sake auna abin da ya tsira na ginin da na'urori, ya kuma yi aiki da masu tono irin su Anne Baud da Christian Sapin, waɗanda bincikensu ya gyara wasu ra'ayoyin Conant. A 2010, lokacin cikar gidan shekara 1100, aka nuna fim ɗin Maior Ecclesia, aka kuma kafa alluna masu juyawa a filin, ta yadda baƙo zai juya allo ya ga ɓangaren da ya ɓace a daidai inda yake fuskanta. Wannan dabara ta fi tabarau gaskiya ta fuska guda, domin dutsen asali yana nan a gefen allon, ido na iya gwada su.

Aikin da ya fi nuna amfanin fasahar shi ne na babbar ƙofar da aka fasa a 1810. Gutsattsarinta sun warwatsu: mafi yawa suna Cluny, gaggafar Yohanna tana gidan tarihi na Louvre, siffar Bitrus kuwa tana birnin Providence na Amurka. An ɗauki awon gutsattsarin, aka yi ta gwada haɗa su cikin kwamfuta ba tare da an ɗaga dutse ba, aka kuma baje sakamakon a gidan tarihi na Cluny da ke Faris a 2012, inda aka jera gutsattsarin asali a gurabensu, giɓin da ke tsakaninsu kuma yana bayyane ga mai kallo.