Wasannin bidiyo: ma'anar lambobin da ake sa musu

Matasan da ke wasannin bidiyo a salula ko PlayStation, daga Mayahi har Tasawa, sukan ga lambobi iri biyu, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko makin inganci ne. A mujallar Famitsu ta Japan, mutum huɗu ke gwada wasa, kowa ya ba da maki bisa 10, a haɗa su bisa 40. Shafin Metacritic, da aka buɗe a 2001, yana tattara makin jaridu ya fitar da matsakaici bisa 100: daga 75 zuwa sama launin kore, ƙasa da 50 launin ja. Maki ɗaya kan jawo asara: kamfanin Obsidian ya rasa ƙarin kuɗi saboda wasansa Fallout: New Vegas ya samu 84, alhali 85 aka shardanta.

Na biyu alamar PEGI ce, wadda Turai ta fara amfani da ita a 2003: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ita mafi ƙarancin shekarun mai wasa take nunawa. Wasan da ke ɗauke da 18 na manya ne zalla, don haka wannan lambar ya kamata iyaye su fara dubawa.